Ƙeyar Nomau

Shekarar da aka rufe wurin shaƙatawa na bakin kogi a Gungun Tsamiya, masu shi suka tafi suka bar babura biyu na ruwa, irin waɗanda ba su da wurin zama, a tsaye ake tuƙa su. Duka biyun sun daɗe da mutuwa. A lokacin kanikawa biyu suna rigima a kan rumfa guda a bakin kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa: Kakale, wanda ya gaje ta wajen ubansa, da Mamuda, wanda ya ce filin na kakansa ne. Da Sarkin Ruwa ya gaji da sauraronsu, sai ya ba kowa babur ɗaya. Ya ce kowa ya tada nasa da abin da ke hannunsa, ban da sabon kaya daga birni. Bayan sallah za a yi tsere zuwa tsallake, wanda babur ɗinsa ya riga isa, rumfa tasa.

Gidan Kakale mutum uku ne: shi, da matarsa Hajo mai suyar ƙosai, da yayansa Nomau. Kakale jibgege ne. Nomau kuwa siriri kamar karan dawa, ya yi furfura, kuma bai taɓa zargin wata magana da nufin wani abu ban da abin da ta faɗa ba. Da ƙaninsa ne, da Kakale ya daɗe da korarsa daga rumfa. To yayansa ne, sai dai haƙuri.

Wata rana Kakale ya kwance injin, ya wanke kafireta, ya goge filogi, ya tayar. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Kakale ya share gumi ya ce, "Yaya, matsalar injin nan ba ya shan iska." Ya tafi masallaci. Da ya dawo, babu inji. Ya same shi a tsakiyar kasuwa cikin baro, Nomau yana tura shi a hankali yana nuna masa rumfunan masu kifi. Mamuda ya fito daga shagonsa yana dariya. "Malam Nomau, ango ne ka fito da shi?" Nomau ya ce, "A'a, inji ne." A hanyar komawa baron ya faɗa rami, sai ga dunƙulen laka, gidan zanzaro, ya faɗo daga bututun da injin ke jan iska. Kakale ya duba lakar, ya duba yayansa. Da yamma injin ya tashi, har awaki suka watse.

Wata rana Kakale yana faɗaɗa bakin salansa, wato bututun hayaƙi, da guduma, ya ce, "Yaya, irin wannan inji ba ya shan fetur zalla. A samo baƙin mai a gauraya masa." Nomau ya shiga gida ya duba duk man da ke ciki, bai ga wanda ya kai na kaskon Hajo baƙi ba. Ya juye shi a tanki, har da ɓurɓushin ƙosai. Da aka tayar, kwata duk ta ɗauki ƙamshi. Masu jirage suka fara tambayar ko akwai koko. Sannan injin ya shaƙe. Hajo ta fito da kasko a hannu. "Yaya, da me zan yi suyar gobe?" Nomau ya ce, "Ki tambayi mijinki. Ni ma na yi mamaki, amma shi ne kanike." Kakale ya kwashe yini guda yana wanke tanki, mage tana zaune gefensa.

Wata rana aka kai babur ɗin ruwa don gwaji. Kakale ya hau, Nomau yana riƙe da bayan babur ɗin cikin ruwa iya gwiwa. Injin yana ruri, amma hancin babur ya ƙi ɗagawa. Kakale ya ce, "Ƙarfi ya samu, nauyi ne ya yi yawa. Duk abin da ya fi nauyi a kansa sai an jefar." Nomau ya duba babur ɗin da kyau, ya hankaɗa Kakale cikin kogi. Da ya ga babur zai gudu, ya haye ya damƙi hannun, ashe har da mariƙin ba da wuta ya damƙe. Babur ya miƙe kamar an harba kibiya. Kakale ya ɗago kai yana furzar da ruwa. "Yaya, tsaya! Tsaya!" Muryar Nomau ta zo daga nesa: "Ai a tsaye nake." Bai durƙusa ba, bai sunkuya ba, ya yi ta kewaya kogin a miƙe kamar turke har mai ya ƙare. Masunta suka jawo shi. Kakale, kayansa na ɗiga, ya tsaya yana kallon tazarar da babur ɗin ya ci. Ya ce, "Yaya, kai za ka hau ranar tsere." Hajo ta ce rumfa dai ta tafi, ta fara tunanin inda za a jibge ƙarafa a tsakar gida.

Ranar tsere gari ya cika bakin kwata. Tsakanin nan da tsallake akwai tsibiri, kuma kowa ya san ta arewacinsa ake bi, don ta nan ya fi kusa. Mamuda da kansa zai hau nasa, ya yi masa sabon fenti ja. Injinsa, a faɗi gaskiya, ya fi na Kakale lafiyar murya. Kakale ya kama hannun yayansa. "Yaya, rumfar Baba ce. Abu ɗaya nake roƙonka: daga nan har tsallake, ban yarda Mamuda ya ga komai naka ba sai ƙeya." Nomau ya ce, "An gama."

Aka jera su gefe da gefe, Mamuda ta hannun arewa. Nomau ya waiga ya ga Mamuda yana kallon kunnensa. Da Sarkin Ruwa ya sauke hannu, Nomau ya karkata babur ɗinsa har sai da ƙeyarsa ta saitu da idon Mamuda, ya ba shi wuta ya yi kudu. Mutane suka fashe da dariya. Kakale ya zauna a ƙasa. Hajo ta ce, "Me ka faɗa masa?"

Mamuda ya shige bayan tsibiri ta arewa, shi kaɗai, yana ɗaga wa mutane hannu. Can sai aka ji ƙarar injinsa ta sauya, ta yi gurnani, ta ɗauke. Ruwan da ya ƙaru a makon ya kwaso kainuwa ya cushe mashigar arewa, babur ɗin kuwa ta ƙasa yake zuƙar ruwa, ya zuƙe ganye da saiwa har ya ƙoshi. Ta kudu ruwa fes yake. Aka hango Nomau ya ɓullo daga ƙarshen tsibiri, a miƙe, rigarsa tana kaɗawa, bai saki wuta ba sai da babur ya hau yashin tsallake ya kafe.

Sarkin Ruwa ya haye da jama'a cikin jirgi, ya ce rumfa ta Kakale ce, magana ta ƙare. Kakale ya rungumi yayansa ya ɗaga shi sama kamar dami. Daga baya wani masunci ya kawo Mamuda a kwalekwale, kainuwa a kafaɗarsa. Ya sauko ya nufi Nomau da hannu a miƙe don su gaisa. Nomau ya juya masa baya. Mamuda ya zagayo ta gaba, Nomau ya sake juyawa. Kakale ya ce, "Yaya, ai an iso tsallake." Nomau ya duba yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya tabbatar, sannan ya juyo ya miƙa hannu.