Keji Babu Tsuntsu

"...da gida, angona? Har yanzu dai kana numfashi?"

"Ina yi, amarya. Ba zan daina ba sai na ga ranar da kika tuƙa tuwo babu gudaji."

Kakana ke nan, Ndagi, yana kan tabarma a ƙofar gidanmu na Dutsen Kura, rediyo a cinya. Zamanin da ake zuwa silima a garin nan, shi ne mai yaga tikiti a bakin ƙofa. Akwai wani fim na 'yan sama jannati da ya kalla har ya haddace. Shi da abokansa suna ce wa fim ɗin Mai Keji, saboda duk duniyar da kyaftin ɗin jirgin ya sauka yana riƙe da keji babu tsuntsu a ciki, kuma har fim ya ƙare ba a faɗi dalili ba. Ndagi ba ya jin Turanci ko na sayen burodi, amma shi ya ba unguwa dalilin. Wai korayen mutanen wata duniya ne suka mayar da matar kyaftin tsuntsuwa, ta tashi, shi ne yake bin taurari yana nemanta. Da labarin nan yake riƙe da majalisarsu tun kafin a haife ni. Abokinsa Baba Ndaceko har hawaye yake yi.

To, bidiyo ta cinye masa tsohon kaset ɗin, shi ne ya aike ni kasuwa in samo na faifai, don ya gayyaci tsofaffin majalisa kallo bayan la'asar. Ni kuma akwai ɗakinsa na bakin titi da ya cika da tarkace, na daɗe ina roƙo ya ba ni in buɗe shagon kitso, ya hana.

"Ina saƙona?" in ji shi.

"Ga shi. Tsohon babu, sai sabo. Fat wan."

"Fat wan ai shi na kalla, tun uwarki tana tallan gyaɗa."

"Naka ya koma fat tu. Wannan bana ya fito, amma labarinsa kafin naka ya faru."

"Wato ƙane ya zo daga baya ya ce shi ne wa."

"Haka Turawa suke yi yanzu."

"Ke ma gobe sai ki ce ke kika haife ni."

"Allah ya kiyaye. Da ni na haife ka, da tun a asibiti na ce a canza min."

Ya karɓi kwalin faifan, ya kai shi har bakin hanci yana leƙe.

"Wane ne wannan yaron mai majina?"

"Kyaftin ɗinka ne yana ƙarami."

"Ƙarya kike. Kyaftin bai taɓa yin ƙuruciya ba. Da gemunsa aka haife shi."

"To ga shi nan da gajeren wando. Na tsaya gidan ƙawata Kyauta mun gwada. Ka ga jirage, tsoho, sai ƙyalli kamar kwanukan jere. Ba irin naku ba da ake ganin zaren da aka rataye shi."

"Zaren nan shi ya riƙe jirgin bai faɗo kan mutane ba. Naku me ya riƙe shi?"

"Kwamfuta."

"Ai shi ke nan. Korayen mutanen fa?"

"Suna nan, sun fi dubu. Sulɓi kamar miyar kuɓewa ta tashi tana tafiya."

"Namu uku ne kacal, kuma garin nan bai yi barci ba."

"Naku da ake ganin zif a bayansu?"

"Zif shaida ce akwai ɗan Adam a ciki yana gumi don neman halal. Ke me kika sani da gumi? Tsintsiya ma sai kin yi mata sallama daga nesa."

Na gyara tsayuwa, na riƙe ƙugu, don na zo wurin da nake jira.

"Angona, sun faɗi maganar kejin."

Ya rage muryar rediyo.

"Babu mata. Babu tsuntsuwa. Ba ma keji ba ne. Murfin fitilar jirgi ne, ya kwance zai goge, notin ya ɓace. Duk yawon nan da yake yi a sama, noti yake nema."

Rediyon ya kashe gaba ɗaya. Wallahi sai da na ɗan ji wani iri, don ban taɓa ganin bakin Ndagi a rufe ba in ba goro ne a ciki ba.

"Ndaceko ya ji?"

"Zai ji bayan la'asar. Da shi da Baba Ishaku da Baba Gaiya. Sai dai in makullin ɗakin nan ya faɗo hannuna, sai faifan ya faɗa rijiya, in ce babu a kasuwa."

"Yau na ga mace tana yi wa mijinta fashi da rana."

"Miji da ba ya ba da ko kuɗin lalle."

Ya jujjuya kwalin. Can sai ya ɗago.

"Wannan maganar notin, a ina take? Farko ko ƙarshe?"

"Can ƙarshe."

"Kafin nan me ake yi?"

"Yaron yana makaranta. Ya faɗi jarrabawa, aka kira taron iyaye da malamai."

"A sama?"

"A sama."

"Sai kuma me?"

"Sai aka ɗage taron, aka sake wani."

"Harbi fa?"

"An yi maganar za a yi."

"Kyauta ta kai ƙarshe?"

"Ta ɗan kishingiɗa."

"Ke fa?"

"Ni idona kawai na hutar. Da na farka na danna fowad."

Dariya ta kama shi har hularsa ta karkace.

"Je ki jona wayoyin, amarya. Ndaceko da yake barci a tsakiyar maganarsa? Ishaku da aka tashe shi ya karɓi auren ɗansa? Kafin a gama taron farko sai dai ki kawo musu filo."

"Rimot na nan. Fowad zan yi har wurin."

"Batiran rimot suna cikin rediyon nan tun azumi."

"Zan sayo wasu."

"Sayo. Amma tsaya. Ke da kika gudo daga makaranta a JS tu saboda malamin Turanci, ta yaya kika ji an ce noti?"

Na ɗan duba gefe.

"Ba a ce ba. Na ga yana murza yatsu haka, yana duba ƙasa."

"Murza yatsu."

"Eh mana."

"Ba ki taɓa ganin mai kiran tsuntsu yana barbaɗa gero ba?"

Gaskiya in mutum ya sake tunani, hannun yaron zai iya zama gero. Ashe ni ma fassarar ido na yi, irin ta gidanmu, kuma tawa ko gishiri babu.

"Shi ke nan, tsoho," na ce, na zube a gefen tabarmar ina dariya. "Ka ci. Ni kaina da na ga notin sai da na ji haushi. Tsuntsuwarka ta fi daɗi."

"Sake faɗa, kunnen nan na hagu ya tafi hutu."

"Ba zan sake ba."

Ya cire hula, ya laluba cikinta, sai ga makulli ɗaure da tsumma. Ya jefo min a cinya.

"Sadakinki ke nan, kar ki sake cewa ban ba ki komai ba. Amma kujerata a bakin ƙofar shagon za ta zauna. Duk wadda ta zo kitso, ni zan ba ta labarin kyaftin daga farko."

"Haba angona, ai sai ka korar min kwastomomi."

"Ina za su je? Gashinsu na hannunki."