Famfon da ya jawo mini shan sassaƙe

Ba zan taɓa mantawa da kukan famfon nan ba, ni da yanzu nakan manta inda na ajiye tabarauna. A shekarun saba'in ne, ina sabon malamin kimiyya a wata makarantar mishan a Kafanchan, aka ba ni gida a kwatas ɗin malamai mai banɗaki a ciki. A ciki fa! Ni da na tashi ina zagawa bayan rumbu, sai ga ni da masai mai sarƙa, ka ja ruwa ya zubo. Kaina ya kumbura ba kaɗan ba.

Sai dai ɗan kwangilar da ya haɗa famfon, Allah ya yafe masa, aikin jeka-na-yi-ka ya yi. Gwiwar bututun tana yoyo, kuma da zarar ka ja sarƙa sai bango ya fara gurnani, ya saki wani ɓurrr mai tsawo, ya rufe da fiiit. (Ba sai na faɗa muku abin da ya yi kama da shi ba.)

Mai hankali mai gyara zai kira. Ni kuwa sha'awa abin ya ba ni. Me ke sa ƙarfe kuka? Iska ce ko ruwa? Na riƙa kafa kunne a bango, har na buɗe littafi ina rubuta lokacin kukan da tsawonsa. Na gano ya fi tsanani idan ruwan tankin makaranta ya yi ƙasa. Yoyon kuma na naɗe shi da robar tayar keke, na ce ya jira in gama bincike.

Ana haka sai Rahila, wadda nake nema da aure, ta ce iyayenta za su zo daga ƙauye ranar Asabar su ga inda za ta zauna. Babanta dattijon ikilisiya ne, kuma bai gama yarda da ni ba, don an kai masa gulma wai ramata ta yi yawa, kamar mai ciwo a ɓoye.

Suka zo, muka ci tuwon acca da miyar karkashi. Fargaba ta sa na yi ta ɗirkar ruwa har fitsari ya matse ni, na nemi uzuri na shige. Bango ɗaya ne tsakanin banɗakin da falo. Da na gama, hannuna ya riga hankalina kaiwa ga sarƙa. Ranar kuwa tanki ya yi ƙasa. Littafina bai taɓa ganin kuka mai tsawon wannan ba.

Na fito falo na tarar Baba yana nazarin silin, Rahila ta cusa fuska cikin ɗankwali. Mama ce ta dube ni da tausayi.

"Sannu, ɗana. Ya daɗe yana yi maka haka?"

Ni kuwa na ɗauka famfo take nufi, har na ji daɗi an samu mai son kimiyya. Na ce, "Wata uku ke nan, Mama. Da safe ya fi tsanani. Har rubutawa nake yi."

"Wayyo Yesu! Kana rubutawa?"

"Akwai yoyo ma, amma na ɗaure da roba."

Baba ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Ticha, ka tafi asibiti tukuna. Maganar aure, za mu yi addu'a a kai."

Sai a nan na gane. Da ƙasa za ta tsage, da na shige. A wurinmu ba a zancen bayan gida da surukai, amma aure na neman kuɓuce mini, sai na ajiye kunya na roƙi Baba ya biyo ni ya ji da kunnensa. Ya biyo ni yana ɗari-ɗari. Na ja sarƙa, shiru. Na sake ja, shiru. Baba ya dube ni kallon da ake yi wa wanda ciwo ya fara taɓa masa kai. Na shiga dukan bututun da tafin hannu ina cewa, "Yi mana! Yi mana!"

Robar ce ta fara amsawa. Ta tsinke, ruwa ya feso ya wanke kwat ɗin Baba na zuwa coci tun daga wuya har aljihu. Sannan bango ya saki ɓurrr ɗinsa. Baba ya tsaya yana ɗiga, ya saurara har fiiit ɗin ƙarshe.

"To," ya ce. "Ba kai ba ne. Amma ɗakin nan yana buƙatar addu'a."

Ranar Litinin na kira wani tsohon mai gyaran famfo da ya yi aiki a reluwe. Ya duba littafina ya yi dariya har da hawaye. Ashe ba a kafe bututun a bango ba, iska kuma ta maƙale a ciki. Ya fitar da iskar, ya kafe bututun, ya sauya gwiwar, duk kafin shayin da na haɗa masa ya huce.

An ɗaura aure a Kirsimeti. Amma Mama ba ta shiga banɗakin ranar ba, don haka ba ta taɓa yarda ba. A ganinta maza ne suka rufa wa juna asiri. Duk zuwanta sai ta riƙo mini kwalbar sassaƙe mai ɗacin tsiya, ta zauna ta ga na shanye. Shekara goma sha ɗaya ina shan maganin famfo.

Tun daga lokacin, in aka tambaye ni, "Ya daɗe yana yi?" sai na fara tambaya, "Wa?"