Rasuwar Bernadine, A-kori-kurar da Ta Je Sabis da Ƙafarta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda takaici ya riga ya cinye rabinta, ni Arvid Tollefson, mai kiwon zuma a Dakota ta Arewa, a madadin matata Marlys da karenmu Moose da amya ɗari da tamanin, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar a-kori-kurata, Bernadine. Ta rasu ranar Talata da misalin ƙarfe sha ɗaya saura kwata na safe, a garejin dilan motocin da ke bakin babban titi, tana da shekara goma sha ɗaya da mil dubu ɗari da 'yan kai a duniya. Ba ta yi jinya ba. Lafiyarta ƙalau, da ƙafarta ta je, ni na kai ta da hannuna. Mako uku ke nan gawarta na kwance a bayan garejin ana jayayya a kan wanda zai biya kuɗin abin da aka yi mata.

Duk wanda ya san marigayiya zai shaide ta da haƙuri da riƙon amana. A tsakiyar Janairu, lokacin da sanyi ke daskarar da gashin hancin mutum, motocin maƙwabta kan kwana da wayar lantarki a jiki kamar majinyata don kada injinsu ya daskare, ita kuwa murɗa makulli ɗaya take jira. Sai ta ce gir-gir-gir, ta yi ɗan tari, ta ce wuuum, shi ke nan an tashi. Sau ɗaya tak ta taɓa barina a hanya, shi ma laifina ne, na manta ban sha mai ba. Ta ɗauki amyoyina ta ratsa gonakin da ko tarakta sai ta yi shawara kafin ta shiga. Ta jawo motar fastonmu daga cikin kwalbati sau biyu, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ba zan ce ba ta da aibi ba, don ba a yi wa mamaci ƙarya. Hitarta ƙafar dama kawai take ɗumamawa. Rediyonta tasha ɗaya ta sani, ta farashin alkama. Ƙofar direba kuwa in na buɗe sai ta ce ƙiiii, har Marlys daga kicin ta gane na dawo ta ɗora kofi. Cikinta warin hayaƙi da kakin zuma yake yi, kuma ko yaushe akwai kudan zuma ɗaya ko biyu a jikin gilashin gaba da suka ƙi sauka.

Game da sanadin ajalinta, wajibi ne in fara da kaina. Ni mutum ne mai bin littafi. Littafin da aka ba ni tare da ita ya ce a sauya fulogi a mil dubu ɗari, ni kuwa na riƙe wannan magana da hannu bibbiyu. Maƙwabcina Virgil Schatz, tsohon bakanike ne mai shekara saba'in da takwas, tun tana mil dubu hamsin ya leƙa injinta ya girgiza kai.

Ya ce, "Arvid, fulogin irin wannan injin dogon hanci gare shi, kuma gida biyu ne aka haɗa, yana iya rabewa. Ka cire su a dubu sittin, kafin kunkunniya ta kama su ta riƙe."

Na ce, "Littafi ya ce dubu ɗari."

Ya ce, "Wanda ya rubuta littafin nan, ka je ka duba farcensa. Wallahi fari tas za ka gani."

Na yi dariya na bar shi da iyayinsa. Da lokaci ya cika, an yi wa Virgil aiki a kafaɗa, ko cokali da ƙyar yake ɗagawa. Ga kaka ta zo, babbar tirelar da ke kwashe amyoyi zuwa California kafin ƙanƙara ta sauka ta ba ni rana. Na ce bari in gyara Bernadine tsaf kafin aikin tattara su daga gonaki, kuma tunda dila ne ya sayar mini da ita, ai babu wanda ya fi shi sanin cikinta.

A garejin, wani mai suna Colton ne ke karɓar baƙi, rigarsa a goge, murmushinsa ma a goge. Ya miƙo mini wani ɗan allon gilashi ya ce in sa hannu da ɗan yatsa. Tabarauna yana cikin mota. Na ja wani layi mai kama da tsutsa, ya ce madalla, ya nuna mini inda kofi yake. Ina zaune ina shan kofin kyauta na jiyo muryarta ta bayan bango: tirrrr, ƙas! Aka jima, tirrrr, ƙas! Na uku da ya zo, sai da kofin ya zube mini a wando.

Duk wani tsohon bakanike a gundumar nan ya san yadda ake lallaɓa irin wannan fulogi. A ɗan sassauta shi kaɗan, a zuba masa mai, a bar shi ya kwana ya jiƙa, gobe a murɗa da hannu a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan. Amma a garejin dila ba a biyan bakanike awannin da ya yi, awannin da takarda ta yanka wa aikin ake biyansa. Takarda ta ce fulogi takwas awa biyu ne. Ko ya kwana a kai, awa biyun za a ba shi. Saboda haka sai ya ɗauko bindigar iskar da ake kwance notin taya ya ɗora wa Bernadine a ka.

Colton ya fito yana murza hannu. "Yallaɓai, mun ɗan samu 'yar matsala. Uku sun karye a ciki. Amma kada ka damu, muna da ƙarfen zaro su, sai dai kowanne da kuɗinsa."

Na ce, "Ku karya, ni in biya?"

Ya ce, "Ai ba mu muka karya ba, Yallaɓai. Karyewa suka yi."

Wajen zaro na ukun, wani ɓallin tangaran na jikin fulogin ya faɗa cikin silindar injin. Suka hura iska, suka leƙa, suka ce ya fita. Suka ɗaura sababbin fulogai, suka tayar da ita. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji kalamanta na ƙarshe: ƙwas, ƙwas, ƙwas-ƙwas-ƙwas, garam. Injin ya buga. Allah ya jiƙanta, ko daƙiƙa goma sha biyu ba ta yi ba.

Daga nan aka shiga neman mai laifi, kuma ina tabbatar wa jama'a cewa ban bar ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba. Colton ya juyo mini da allon gilashin nan, ya ja rubutu da yatsa har ƙasa, ya nuna mini wani layi ƙanana-ƙanana da ke cewa gareji ba shi da alhakin fulogin da ya karye wajen cirewa. A ƙarƙashinsa ga tsutsata a kwance.

Na ce, "Ka faɗa mini haka da bakinka?"

"Yana rubuce, Yallaɓai."

"Na ce ka faɗa mini? Ka ce, dattijo, wannan aikin yana iya kashe maka mota?"

"In da ka tambaya ai da na faɗa."

"To tangaran ɗin da kuka bari a ciki kuka tayar da inji fa, shi ma karyewa ya yi?"

Ya ce wannan sai manaja. Manaja kuwa kullum yana taro. Rana ta huɗu na kama shi a wurin ajiye motoci yana cin burodi da nama, ya ce shi ma abin ya taɓa shi ƙwarai, amma laifin masu ƙera motar ne da suka yi fulogi gida biyu. Na buga wa masu ƙerawa waya. Minti arba'in ana sa mini kiɗa, sannan wata mai zaƙin murya ta ce garantina ya ƙare tun shekara shida da suka wuce, kuma da ma an aika wa gareji-gareji takardar gargaɗi a kan yadda ake cire fulogin, don haka in koma wa dila. Na ce ni me ya sa ba a aiko mini ba? Ta ce ai ni ba gareji ba ne. 'Yan inshora suka tambaye ni ko karo ta yi, ko barewa ta faɗo mata, ko ƙanƙara ta farfasa ta. Na ce a'a, sabis aka yi mata. Suka ce ba sa biyan sabis.

Na ƙarshe shi ne lauya, wanda ya saurare ni tsaf ya ce ina da gaskiya, har ya maimaita. Sannan ya ce kafin mu karɓo gaskiyar daga kotu za mu ci shekara ɗaya da rabi, kuma abin da zan ba shi ya fi kuɗin sabon inji. Na fito daga ofishinsa na zauna a kan dakali ina huci, ban taɓa jin haushin samun gaskiya irin na ranar ba.

Ana cikin haka amyoyi suna gonaki, tirela kuma ba ta san zaman makoki ba. Da 'yar ƙaramar motar Marlys muka kwashe na kusa, biyu-biyu a kujerar baya, mu biyu sanye da hular raga har da mai tuƙi. A sawu na tara kudan zuma ya harbi Marlys a bayan kunne.

Ta ce, "Arvid, shekara talatin da shida ina gaya maka ka riƙa yawo da tabarau a aljihu."

Na ce, "Ba tabarau ne ya kashe ta ba."

Ta ce, "Na sani. Amma su ba su nan, kai ne a kusa."

Sauran na nesa Virgil ya ara mini tarakta. Bai ce mini ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun nasa ya fi zagi ciwo.

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi huɗu da aka saya mata a watan Yuni, ko gashin jikinsu bai gama kaɗewa ba. Ta bar batir mai shekara ɗaya, da giyabos da bai taɓa yi wa kowa gardama ba, da 'yar tirelar amya da yanzu ke tsaye a bayan rumbu ba mai ja. Ta bar sababbin fulogai takwas da ba su san komai a duniya ba sai daƙiƙa goma sha ɗaya. Ta bar Moose, wanda har yau da safe yake zuwa ya zauna a inda take kwana, daidai gefen ƙofar fasinja, yana jiran a buɗe masa. Ta kuma bar ni, da shekara sittin da huɗu, ina roƙon mutane su rage mini hanya zuwa kantin cefane.

Jinkirin jana'iza ya faru ne saboda garejin sun ƙi ba da gawa. Sun ce sai an biya kuɗin sauya fulogi, da na zaro guda ukun, da na binciken da ya tabbatar musu cewa ta mutu, da kuma na kwanan da take yi a filinsu, wanda ke ƙaruwa kowace safiya. Colton ya ce in ina so za su karɓe ta a matsayin kafin alƙalami in ɗauki sabuwa, har ya fara nuna mini wata ja mai kujerun fata. Na ce masa ya ji tsoron Allah. Shekaranjiya kuma saƙo ya shigo wayata daga garejin, wai in ba su tauraro ɗaya zuwa biyar a kan yadda suka kula da ni.

Kuɗin zuma ba ya shigowa sai Disamba, kuma ba zan taɓa na abincin amyoyi don in fanso motar da ba ta motsi ba. Don haka jiya na kira Orrin Baumgartner mai filin gwangwan. Ya je ya zagaya ta, ya buga tayoyin da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce jikinta garau yake, abin tausayi. Zai biya garejin abin da suke nema kai tsaye, ya ɗauke ta, ya kwance ta ya sayar ɗaya bayan ɗaya. Ni ba zan ba da komai ba, ba kuma za a ba ni komai ba.

Za a ɗauko gawa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a kan janwen Orrin, wato motarsa ta jan matattun motoci. Ayari zai taso daga garejin dila, ya bi ta gaban coci, ya tsaya minti ɗaya a ƙofar gidana saboda Moose, sannan ya wuce filin gwangwan da ke bayan layin dogo. Ana roƙon masu rakiya su kunna fitila, kuma kada kowa ya yi wa garejin hon, na yi wa Marlys alkawari. Bayan an dawo akwai kofi da dankali da nama a ɗakin taron coci. Kada a kawo furanni, kudan zuman duk sun tafi. Masu buƙatar ƙofa ko madubi ko giyabos su ga Orrin daga Litinin, amma don Allah kada wanda ya saya ya zo ya nuna mini.

Ga waɗanda ke tare ni a coci da kanti suna tambayar wa ya biya a ƙarshe, dila ko masu ƙerawa ko ni, ina so su huta da tambaya. Bernadine ce ta biya. Shekara goma sha ɗaya tana ɗaukar kayana ba ta taɓa cewa ta gaji ba, yanzu kuma da tayoyinta da ƙofofinta za a sallami waɗanda suka kashe ta. Allah ya jiƙanta, ni kuma ya ba ni haƙurin wucewa ta gaban garejin nan, don hanyar gari guda ɗaya ce.

Sanarwa daga mai kewarta,
Arvid Tollefson