Haɗin Mushe Lawali

Allah ya yi wa Tasawa baiwa iri-iri, amma babu kamar Mushe Lawali. Mutanen wasu garuruwan, bayin Allah, sai sun zauna sun kalli fim tukuna su san ko yana da kyau. Mu kam an hutar da mu. Muna da wanda ke faɗa mana abin da ya kamata mu so tun ba mu kunna tele ba.

Tsohon direktan lakwal ne, wato makarantar boko, inda ake kiran malami Mushe, ya yi shekara talatin yana koyarwa tsakanin Bawudeta da Hawandawaki. Amma ba da wannan aka san shi ba. Wata shekara aka aika shi taron malamai a Wagadugu, aka yi dace ana bikin finafinai a garin. Ko fim ɗaya bai shiga ba, sai dai ya tsinci wani katin baƙi mai igiya a ƙarƙashin kujerar mota, ya rataya a wuya. Har yau yana rataye. Sunan mai katin ya goge, Allah ya rufa asiri. Tun daga nan samarin fada, masu zaman shan shayi, suka laƙa masa Alƙalin Majigi, shi kuma ya amsa da hannu biyu, don bai ji dariyar da ke ciki ba.

To, sai ga wani littafi ya shigo gari, Gafaka Ta Bakwai. Labarin wani tsohon malami ne da aka tsinci gawarsa a zauren karatu, an sace gafakar da yake ajiye wani daɗaɗɗen kundi. Wani jandarma mai suna Sidi, wanda rabonsa da salla har ya manta, shi aka sa ya bi sawun ɓarayin, yana bi yana komawa ga Ubangijinsa. Littafin ya kama mutane kamar zazzaɓin damina. Ba a jima ba aka yi fim biyu a kansa, ɗaya a Yamai, ɗaya a Kano, kowanne da sunan littafin.

Nan gari ya rabu. Na Yamai, mutum sai ya tsaya kallon rairayi minti biyar kafin ya ce uffan, in ya buɗe baki kuma rabi Faransanci. Na Kano kuwa ana tsere da babura, ana faɗa a kan soro, ana waƙa. 'Yan kabu-kabu da matan gida suka bi Kano. Ma'aikatan buro, 'yan ofis, suka bi Yamai, ko da yake wasunsu na kallon na Kano a waya ƙarƙashin tebur.

Mushe Lawali bai ɓata lokaci ba. Ya tsaya bakin tasha, littafin a hammata, ya yanke hukunci.

"Bon. Wanga na Kano ba sinima ba ne, gidan biki ne. Ni ban kalle shi ba, kuma ba ni kallo nai. Likita ba shi shan guba don shi tabbatar guba ce. Wala!"

Littafin nan na hammata ya sha gumi har bangonsa ya canza launi. Takardar motar Mayahi da ya sa alama da ita kuwa tana shafi na arba'in tun watan azumi. Mai ilimi irin nasa ba ya bukatar kai ƙarshen littafi, ai yana hango shi daga nesa.

Ana cikin haka sai shugaban gidan rediyon gari, Malam Abdussalamu, ya ce zai buɗe shirin finafinai kowace Laraba, kuma mutum ɗaya zai ba. Mushe ya ɗauka magana ta ƙare, har ya ba tela sabuwar shadda. Sai ya ji wai akwai wata mai nema, Malama Ramlatu, 'yar Mayahi, mai koya wa mata ɗinki, wadda ta karanta littafin sau uku kuma take son fim ɗin Kano ba kunya ba tsoro. Abdussalamu ya ce a haɗa su ranar Laraba bayan la'asar, kai tsaye, wanda ya gamsar da masu saurare shirin nasa ne. Wallahi ranar Mushe bai ci tuwo ba. Tun da ya aje aiki ba wanda aka tilasta wa sauraronsa, kuma wannan rashi ya fi komai cin ransa.

Abu na farko da ya yi, ya kafa doka a gida: fim ɗin Kano ba ya ƙetare zaurensa. Matarsa Hajara ta ce, "To, Malam." Ba ta ga amfanin faɗa masa cewa ta riga ta kalli kashi na ɗaya da na biyu a gidan maƙwabciyarta Ladi ba, kuran ne, wato wutar lantarki, ya ɗauke kafin su kai na uku.

Duk wanda ya san Tasawa ya san Naziru mai turi, wanda ke da shago a bakin tasha. Ka kai masa katin wayarka, ya zuba maka fim. Kowane fim kashi uku yake yanka shi don kada waya ta shaƙe, ya rubuta suna da lamba. Gafaka 1, Gafaka 2, Gafaka 3. Na Yamai haka, na Kano ma haka, don Naziru ba ya son dogon rubutu. Wurinsa Mushe ya sa aka zuba masa na Yamai. Kwana huɗu ya yi yana fama da kashi biyu na farko, yana gyangyaɗi yana farkawa, yana cewa zurfin tunani ne.

Ranar Juma'a ya tafi masallaci ya bar wayar a caji. Katin Hajara ya cika da hotunan jikoki, ga ranta na kan Sidi jandarma, ba ta san ya mutu ko ya yi rai ba. Ta zare katin maigida, ta saka hijabi, ta nufi tasha. Naziru na zuba mata Gafaka 3 na Kano sai na'urar ta tambaya ko a danne wanda ke ciki mai irin sunan. Mutum goma na tsaye a kansa, ya danna e, yadda ya saba. Hajara ta kalla, ta sha kukanta, ta mayar da kati inda ta ɗauko.

Ranar Asabar Alƙalin Majigi ya gyara tabarau ya buɗe kashi na uku. Sidin da ya bari dogo, baƙi, siriri, sai ga shi gajere, fari, da tumbi da gyararren saje. Rairayin nan duk ya ɓace, sai lambu da furanni. Faransanci ya ɗauke ƙaf. Da ni ne ko kai, da mun ce Naziru ya yi shirme, mu koma tasha. Amma mu ba mu je Wagadugu ba. Mushe ya miƙe zaune. A karo na farko bai yi barci ba, har ya share ƙwalla da bakin riga. Ya cika shafi shida da rubutu, ya ƙi nuna wa kowa, ya ce sai Laraba.

Laraba ta zo. Daga Tasawa har ƙauyukan Hawandawaki an kewaye rediyo. Aka fara ba Ramlatu, ta yi magana minti uku. Ta ce na Yamai ya fi bin littafi, na Kano ya fi shiga zuciya, ita kuma zuciya ta bi. Sai aka ba Mushe. Ya yi gyaran murya sau biyu, ya daidaita katin wuyansa, a rediyo fa, inda ba mai ganinsa.

"Jama'a, ku saurara ku ƙaru. Abin da zan faɗa, daga nan har Maraɗi ba wanda ya gano shi. A kashi na uku, gwanin Yamai ya canza wa Sidi fuska baki ɗaya! Don mi? Don tuba tana sake halittar mutum. Ramammen nan ya yi ƙiba, wato imani ya cika shi. Hamada ta koma lambu, wato zuciya ta yi tsiro. Ya bar Faransanci ya koma harshen uwa tai. Wanga shi ne sinima! 'Yan rawar Kano su shekara ɗari ba su iya ƙago irin wanga."

Malama Ramlatu ta tambaya a hankali, da ladabi, "Mushe, lambun nan, akwai wata farar gada a ciki? Yana tsaye a kai da gafaka a ƙirji?"

"Wala! Ashe kin fara fahimta."

"Ai a fim ɗin Kano yake, Mushe. A na Yamai da littafi, Sidi a rairayi ya cika."

Mai hankali a nan zai yi tari ya nemi ruwa. Mushe dariya ya yi, irin wadda yake wa ɗalibin da ya kasa lissafi. Ya ce mace mai keken ɗinki ba za ta koya masa Yamai da Kano ba, ga hujja a aljihunsa. Ya ciro waya, ya kai ta daf da makirfo, ya ce a saurari munajatin da aka rufe fim da shi, wanda ko dutse ya ji sai ya yi kuka. Ya danna.

Wayyo Allah! Waƙar da ta fito, babu gidan bikin da mata ba su kwaso shoki da ita ba tun bayan salla. Mushe ba ya taka gidan biki, shi ya sa bai taɓa jin ta ba. An ce a bakin tasha 'yan kabu-kabu suka dinga danna oda. An ce matan da ke jan ruwa a wata rijiya ta Bawudeta suka saki guga suka amshi waƙar. A cikin ɗakin rediyo kuwa Alƙalin Majigi ya lumshe ido yana kaɗa kai, yana cewa, "Ku ji zurfi. Ku ji tauhidi."

Wayar gidan rediyo ta yi ƙara. Naziru ne, yana haki.

"Baba Mushe, a yi mini aikin gafara. Ranar Juma'a Inna Hajara ta kawo katinka, na zuba mata na ukun Kano. Ina jin shi ya danne naka. Ka aiko in gyara maka."

Abdussalamu ya ce a ɗan saurari sanarwa, yana danne dariya. Laraba ta gaba Malama Ramlatu ta buɗe shirinta, ta fara da gode wa Mushe Lawali, ta ce tun da aka yi fim ɗin Kano ba a taɓa yabonsa da hikima irin tasa ba.

Amma kada a ce bai bar tarihi ba. Yanzu in ka je shagon Naziru za ka ji ana cewa a zuba mini haɗin Mushe, wato biyu na Yamai, ɗaya na Kano. Har daga Mayahi ake aiko da kati.

Shi kuwa sati biyu bai leƙa tasha ba. Daga baya ya aika aka mayar masa da ainihin kashi na uku na Yamai, ya zauna a zaure da tabarau da littafi da katin wuya, don ya nuna wa duniya. Minti goma Hajara ta jiyo minshari. Da ya farka Sidi na nan kwance a rairayi bai gama mutuwa ba. Mushe ya daɗe yana kallonsa. Ya leƙa waje, ba kowa. Ya tura ƙyauren zaure, ya shiga cikin gida yana jan ƙafa, ya tsaya a kan Hajara tana tsince shinkafa, ya rage murya.

"Hajara, wancan na ukun, mai lambu. Ladi na da shi?"