Sai Marigayi Ya Zo da Kansa

Jiya tun sassafe na hau mikrobas, ƙaramar motar haya, daga unguwarmu Hayyin Ashir zuwa wani ofishi da ba zan ambata ba. Buƙatata ɗaya: a mayar da katin iyali sunana, don ranar Alhamis ake rufe rajistar makarantar ’yata Tagwa. Na miƙa takardar mutuwar mijina. Mai girma Sarkin Taga, ma’aikacin da ke karɓar takardu, ya juya ta, ya ce, “Ma’alish, yi haƙuri Hajja, sai maigidan ya zo ya sa hannu.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, wata huɗu ke nan yana kabari.”

Ya ce, “To, in ya samu sarari.”

Kun san mijina Munzir, Allah ya jiƙansa, yana son wani tsohon shirin talabijin na jirgin da ke yawo cikin taurari. Bai damu da kyaftin ba. Nasa su ne wawaye biyu na gefe: butum-butumi mai kai kamar tukunyar dafa waken ful, wanda ko jirgi na cin wuta sai ya ce umarni bai iso ba, da wani kuku mai hannu huɗu da ya shekara bai gama haɗa shayi ba. Munzir yana dariya har da tari, ni ina masa faɗa wai shirme ne. Ashe darasi yake ɗauka. Ga su nan na tarar, an ba su kujera da fanka. Ai ƙwazo ne, jama’a, mutum ya ƙi ka cikin ladabi haka.

Ina zaune ina share ido sai Bakhita mai shayin ofishin ta tsaya kaina.

“’Yar’uwa, kuka ba ya hawa bene. Kawo nan.”

Ta shimfiɗa takardata a tire, ta ɗora kofin shayin Babban Mai Hatimi na saman bene a kai, ta haura. Wai duk abin da ya zo ƙarƙashin kofi buga masa hatimi yake, don ya samu ya sha da zafinsa. Kafin in gyara mayafi ta dawo. “Khalas, an gama. Yalla, tafi makaranta.”

A mota na ba Tagwa, da ta rako ni, ta karanta mini, ni karatuna bai yi nisa ba. An rubuta: maigida ya halarta da kansa.

Na gode wa manya ƙwarai. Abin da ya tsaya mini a rai kawai, mutumin nan ya zo har ofis, bai biyo ta gida ba.