Tokar Habsatu da Masu Binciken Zafin Ƙasa

Jama'a, yau da sassafe na ƙone ƙafata a kan ci gaban ƙasa. Ba habaici nake ba. Ƙafar dama ce, ga ta nan na miƙe ta bisa turmi, matata Salima tana shafa mata man gyaɗa tana dariya har da hawaye. Daga masallaci na fito, takalmina ya tsinke, na ce bari in yanke ta bayan gidan Habsatu mai ƙuli-ƙuli. Ina taka wani wuri mai laushi sai na ji kamar na tsoma ƙafa a tukunyar kunu. Tsallen da na yi, rabona da irinsa tun ina ɗan lakol, wato makarantar boko.

Habsatu ta leƙo ta kan danga. Ɗiyar gwaggona ce, taubashiyata, saboda haka ko sannu ban sa rai ba.

"Kai Sanda, ka taka mana bincike! Maida ƙasar yadda ka same ta, baƙi na nan tahe."

To, bari in kai ku farkon zance, kada ku ce rana ta taɓa ni.

Garinmu ɗan ƙauye ne a yankin Gangara. Muna da famfo mai aiki da hasken rana, da shato, wato tankin ruwan nan da ke tsaye bisa ƙarafa. Bara da bazara wani ɗan akwati da ke karɓar wutar rana ya rarraba ta ya ƙone. Allunan sola suna nan lafiyarsu ƙalau, suna shan hantsi kamar ƙadangaru, amma ruwa ko ɗigo. Matanmu suka koma tsohuwar rijiya mai zurfin tsiya, igiya ta cinye musu tafin hannu. Bakari, Bafulatanin da rugarsa ke gabas da gari, ya fara zancen tashi da garkensa. In kuwa Bakari ya tashi, nono ya tashi, takin gonakinmu ya tashi, fura ta zama marainiya.

Ni aka tura buro, wato ofishin hukuma, can birni in kai kuka. Na wuni a layin esansi kafin in samu ɗan abin da zan zuba wa babur, har muka ƙulla zumunci da wanda ke gabana, ya gayyace ni sunan ɗiyarsa. Da na isa, wani bawan Allah mai sanyin murya ya saurare ni tsaf, sannan ya ce bana babu tanadin gyara, amma alhamdu lillahi akwai tanadin bincike mai yawa. Na fito ina jinjina kai. Kun ga hikimar manya ko? Gyaran famfo ai kowane ɗan tasha na iya yi. Bincike kuwa sai wanda ya ci ya ƙoshi.

Ba a daɗe ba sai ga binciken ya zo da ƙafarsa, cikin motoci kat-kat farare, gilasansu a rufe. An ce gwamnati ta ware dukiya domin a gano inda wutar gobe za ta fito: daga rana, ko daga zafin ƙarƙashin ƙasa, ko daga nukiliya. Kowane fanni da uban tafiyarsa.

Mai Girma Sarkin Duba Rana shi ya fara saukowa, ana riƙe masa laima. Ya kafa wata na'ura a tsakiyar fili, ya koma mota ya jira ta cikin sanyi. Da aka kawo masa sakamako ya tara mu ya yi mana albishir cewa, bisa binciken farko, akwai rana a garinmu. Wallahi sai da muka tafa. Mu da kakanninmu muna ta gasuwa a cikin abin nan, ashe ba mu san sunansa a hukumance ba.

Na nukiliya kuwa, Mai Martaba Dagacin Ƙwayar Zarra, ra'ayin jama'a ya zo ji. Ya yi bayanin wani ɗan abu da ido ba ya gani, wanda in aka fasa shi zai haskaka daga nan har Gidan Rumji. Bakari ya jingina da sandarsa ya ce, "Barkama, wannan abu naka, nagge tana iya sha?" Saniya yake nufi. Aka ce a'a. Ya ce, "To, a fasa shi a hankali, akwai maruƙa kusa." Aka rubuta cewa makiyaya sun nuna sha'awa.

Amma zakaran da Allah ya nufa da cara shi ne Babban Limamin Zafin Ƙasa. Shi bai ma fito da kayan aiki ba. Shayin hanya ne ya matse shi, ya nemi inda zai zagaya, aka nuna masa bayan gidan Habsatu. A nan take zubar da tokar suyar gyaɗa cikin wani rami, da sauran garwashinta, ta rufe da rairayi don kada awaki su ƙone. Can sai muka ji ihu. Sai ga Liman ya fito da gudu, mazagi a hannu, yana kiran a kawo ma'auni. Aka soka ƙarfe a ƙasa, allura ta yi sama. Ya rungume direbansa.

Na buɗe baki zan ce, ranka shi daɗe, ai toka ce. Habsatu ta watso min wani kallo da ya mayar min da maganar ciki. Da motocin suka ɗaga, bayan sun yi alkawarin dawowa da babban baƙo da kayan haƙa, ta ja ni gefe.

"Kai wane irin wawa ne? Tun da famfon nan ya mutu, wa ya leƙo mu? Ka tahi birni ka dawo da tsamin jiki. Yau toka ta kawo motoci har ƙofar gidana. In sun zo haƙa, da mi za su haƙa in babu ruwa? Dole su gyara famfo."

"In suka gane fa?"

"Mun ce musu wani abu? Su suka auna."

Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Daga ranar ramin Habsatu ya zama amanar gari. Bakari ya riƙa aiko da busasshen kashin shanu a amalanke, don a cewarsa wutarsa mai haƙuri ce, ba ta ihu, ba ta mutuwa. Mata suka raba aiki gida-gida, yau wannan ta zuba garwashi, gobe waccan. Duk lokacin da ƙananan ma'aikata suka zo awo, sai su tarar ƙasarmu ta ƙara himma. Har aka ce mana a wani taron ƙara wa juna sani da aka yi a otal, an nuna hoton dangar Habsatu a bango, da zanenta na shanya a kai.

Jiya da yamma, da aka tabbatar babban baƙo yau zai zo, mata suka ninka garwashin. Ni kaɗai ne ba a gaya wa ba. Shi ya sa na fara kasuwa da ƙafata.

Da hantsi aka kafa rumfuna. Na ɗingisa na samu wuri a gaba, don gurgu ma yana da alfarma. Sai ga ayari: jiniya, jandarmomi, masu kyamara, da Mai Girma Uban Bincike Baki Ɗaya, wanda babbar rigarsa kaɗai za ta yi wa iyalina rumfa. A bayan ayarin kuma, inna lillahi, sai ga motar tankin ruwa cike fal, da katan-katan na ruwan roba. Da ruwansu suka zo.

Na dubi Habsatu. Ban taɓa ganin bakin matar nan a rufe ba sai yau. Ta dubi tafin hannunta, ta dubi shato, ta sunkuyar da kai. Bakari ya ce da ni a hankali, "Malam Sanda, bayan kasuwar Cadawa zan kaɗa shanuna kudu. Ba don ina so ba."

Amma mai nema yana tare da samu. Aka zo tayar da gurup, injin wutar da zai riƙe lasifika da fankar babban baƙo, aka ja igiya, ya yi tari ya yi shiru. Babu esansi. Motar da aka tura sayowa tana can Gazawa a layi, ina jin direban ma ya samu gayyatar suna. Uban Bincike ya ce shi ba zai yi jawabi da baki tsirara ba alhali ga kyamarori. Aka shiga kallon-kallo. Gumi ya fara bin manyan wuyoyi.

Nan fa Sarkin Duba Rana ya tuna da sakamakon bincikensa. Ya miƙe ya ce, "Ranka shi daɗe, ai mun tabbatar akwai rana a garin nan." Ya nuna allunan famfonmu. Aka kira Kamal, ma'aikacin da ke kula da wayoyinsu, ya je ya duba ya dawo ya ce allunan lafiya lau, akwati ne ya ƙone.

"Akwai wani?"

"Akwai, cike da bayan mota. Amma na nuni ne."

Jama'a, ashe akwatin da muka shekara muna roƙo, ƴan'uwansa suna nan suna yawon buɗe ido gari-gari cikin kwali, ana fito da su a ɗauki hoto a mayar. Kafin a zuba shayi na biyu Kamal ya ɗaura sabo. Lasifika ta yi kuwwa, fanka ta juya, Uban Bincike ya gyara murya. Can ƙasa-ƙasa kuma sai muka ji wani gurnani da muka manta da shi. Famfo ya farka. Mata suka fara taɓa juna da gwiwar hannu. Salima ta cusa gefen mayafi a baki.

Allah ya saka wa wanda ya rubuta jawabin nan da alheri, don bai yi rowa ba. An gaida manya ɗaya bayan ɗaya, an gaida matansu, an zagaya duniya an dawo. Yana cikin bayanin yadda jikokinmu za su sayar wa maƙwabta wuta, shato ya cika ya fara ambaliya. Ruwa ya gangaro ta bayan rumfa, ya bi ta ƙarƙashin kujerun baƙi, ya miƙe sak kamar an aike shi, ya faɗa ramin Habsatu.

Fuuu! Wani farin tururi ya turnuƙe sama, ya fi tsayin itacen bedi.

Limamin Zafin Ƙasa ya yi kabbara. Masu kyamara suka ruga. Makaɗa, da ba su san me ake ciki ba, suka saki kalangu. Uban Bincike ya yar da takarda ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ga shi nan! Ga amfanin bincike nan!" Mata suka rangaɗa guɗa, su don ruwa, shi yana tsammani don shi, kowa dai ya samu abin da ya zo nema. Ni kaina na manta da ƙafa na shiga fili, sai da na dira a kanta na tuna.

Sai iska ta juyo da tururin cikin rumfa. Kun dai san abin da aka binne. Manya suka fara laluben hankici. Liman bai ko girgiza ba, ya ce wannan shi ne ainihin warin cikin ƙasa, haka yake ji a ƙasashen da suka ci gaba. Bakari ya raɗa min, "Walla, ashe can ma suna da nagge."

Da aka watse, sai na hangi Kamal ya nufi famfo da sukurdireba zai kwance akwatinsu. Mata na layi da bokitai da jarkoki, kowa ya yi cirko-cirko. Habsatu ta ajiye tulunta, ta ratsa jandarmomi, ta durƙusa har ƙasa gaban motar babban baƙo.

"Ranka shi daɗe, mu ba mu yi lakol ba. Amma mun lura da abu guda. Sai da aka sa akwatin can tururin nan ya taso. In aka cire shi, ban sani ba ko zai sake."

Ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a ciki, ku shaida. Uban Bincike ya dubi Liman. Liman ya shafa gemu ya dubi Sarkin Rana. Sarkin Rana ya ce lallai akwai alamar alaƙa tsakanin fannonin biyu, kuma abin yana buƙatar ƙarin bincike mai zurfi, da kwamitin haɗin gwiwa. Da jin kalmar kwamiti duk fuskokinsu suka yi haske. Nan take aka ba da umarni: akwati ya zama kayan bincike, duk wanda ya taɓa shi zai gamu da hukuma. Kamal ya mayar da sukurdirebansa aljihu, ya tara hannu a bakin famfo ya sha, ya ce ruwanmu da daɗi.

Yanzu haka da nake muku rubutun nan shanun Bakari suna kwankwaɗar ruwa a kwami, ya ce tafiya kudu ta fasa. Habsatu ta aiko min da ƙuli-ƙuli a kwano, da saƙon cewa gobe gidana ne da zuba garwashi.

Ɗazu kuma Ilyasu, ƙanen Salima da ke Sae Sabuwa, ya kira ni. Ya ga tururinmu a waya. Bayan gaisuwa ya yi ƙasa da murya ya ce rufin ɗakin haihuwarsu ya yaye tun damina, sun kai kuka har sun gaji, shin ina ganin ƙasarsu su ma za ta iya yin zafi? Na ce masa ni ba masani ba ne, amma ƙasar Allah duk ɗaya ce, ya je ya gaida mai tuyar ƙosan garinsu da ladabi.

Ni dai addu'ata ga manyanmu masu bincike guda ce: Allah ya ƙara musu lafiya da man mota, Allah ya sa kada su yi saurin gano abin da suke nema.