Ilu da Sunayen Masu Karɓar Taki

Ranar Litinin da ƙarfe tara na safe Uwale, sakatariyar ƙungiyar manoman ƙauyen Kwarin Tsamiya, ta kira Ilu, mijin ƙanwarta Lanti. Gidan Ilu daga shi sai Lanti sai awaki biyu, sai takardar shaidar koyon kwamfuta a bango, wadda ya fi share wa ƙura fiye da fuskarsa.

Ranar Asabar za a raba taki, kuma buhunan ba su kai yawan sunayen ba. Manhajar kwamfutar da ke duba sunan manomi tsohuwa ce, layi arba'in tana bin suna harafi-harafi. Yanzu kuwa an fito da umarni ɗaya tak mai yin aikin duka.

Uwale ta ce, "Duk inda ka ga tsohon tsarin, cire ka sa sabon."

Ilu ya gyara na kwamfuta daidai. Sannan ya ɗauko littafin da aka buga manhajar a ciki don ajiya, ya bi shi da reza shafi-shafi.

"Ilu, me zan gani haka?"

"Yaya, a nan ma na gan shi."

Washegari Uwale ta ce, "Ragowar tsohon nan, kada ka goge sai ka tabbatar ba mai amfani da shi." Ilu ya rubuta layukan a kwali, ya bi gari gida-gida yana sallama. Tsohuwa Kande mai daddawa ta juya kwalin ta ce, "In na sayarwa ne, bar min biyu." Ya dawo ya ce ba za a goge ba, akwai mai so.

Ranar Alhamis Uwale ta ce, "Gwada sabon da sunan kowa a garin nan. Kada ka tsallake ko mutum ɗaya." Ilu ya gama da gidaje, ya wuce wurin liman ya karɓo sunayen waɗanda ke maƙabarta.

"Wa ya aike ka wurin matattu?"

"Yaya, ai ba su bar garin ba. Kuma goma sha tara suna cikin masu karɓa. Baba Jatau ma, shekara shida da binne shi, bai taɓa fashi ba."

Uwale ta juya ta dubi shugaban ƙungiya, wanda shi ke kawo sunaye. Ya ce alwala ta kama shi, ya fita ba takalmi.

Ranar Asabar aka cire sunaye goma sha tara, kowane manomi ya koma gida da buhunsa.